Minshari Ba Alamar Ƙoshi Ba Ce

A Matankari, in bazara ta kankama, ɗaki ba ya kwantuwa. Kowa sai ya jawo tabarmarsa tsakar gida, a ɗaura gidan sauro, a kwanta ana jiran iskar asuba. A irin waɗannan darare ne unguwa ke sanin masu minsharinta, domin danga ba ta tare sauti. Gari na wayewa yara su yi ta kwaikwayon baffansu, abokan wasa su samu abin tsokana, a ce ai wane ya ci ya ƙoshi, ba mai bin sa bashi. A yi dariya a watse.

To, ya kai mai karatu, in akwai mai irin wannan minshari a gidanku, yau da dare ka ajiye dariya ka kasa kunne. Wani minsharin tafiya yake yi daidai wa daida har safe. Wani kuwa sai ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, can sai ɗif. Ka duba ƙirjin mutumin ka ga yana kokawa, amma iska ba ta shiga. Kafin ka miƙa hannu ka taɓa shi, sai ya zabura ya shaƙo iska da gurnani, kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya gyara kwanciya, minshari ya ci gaba. Wannan shirun da ke tsakani shi ne cutar. Sunanta ɗaukewar numfashi cikin barci, a takardar likita kuma za ka ga an rubuta apnée du sommeil. Wani likita Bafaranshe da ya yi aiki a Amurka, Christian Guilleminault, yana cikin waɗanda suka fayyace ta suka raɗa mata suna a shekarun 1970.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

Hanyar iska da ke bayan harshe ba ta da ƙashi. Nama ce mai laushi, kamar bakin salka. Muddin mutum yana farke, tsoka tana riƙe da ita a buɗe. Da barci ya yi nauyi sai tsokar ta saki, harshe ya zame baya, beli da naman ganɗa su sauko, in kuma akwai kitse a wuya ya ƙara matsewa. Hanyar in ta ƙuntata, iska na kaɗa naman, shi ne minshari. In ta rufe ruf, numfashi ya tsaya, iskar oksijin da ke cikin jini ta fara raguwa. Nan da nan ƙwaƙwalwa ta ankara, ta tashi mutum na ɗan lokaci kaɗan, zuciya ta buga da ƙarfi, hanya ta buɗe, ya koma barci. Da safe ba zai tuna komai ba. In ka faɗa masa ma rantsuwa zai yi bai motsa ba.

Likitoci na ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai sakan 10. Daga sau 5 zuwa 15 a awa guda, cutar mai sauƙi ce. Daga 15 zuwa 30, matsakaiciya. Abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani ne. Yi lissafi da kanka: mutumin da ya kwanta awa 7, ana shaƙe shi sau 30 kowace awa, an tashe shi sau 210 kafin kiran assalatu. Wa zai yi irin wannan kwana ya ɗauki kalme ya nufi gona da ƙarfinsa?

Shi ya sa alamun suke fitowa da rana. Ya tashi da ciwon kai da busasshen baki. Ya yi gyangyaɗi a majalisa ana tsakiyar hira, ya yi a fada, ya yi liman na huɗuba. Ya zama mai mantuwa da saurin fushi, har iyali su ce halinsa ya sauya. Da dare ya tashi fitsari sau uku sau huɗu, a yi ta zargin ciwon suga, alhali wani lokaci wahalar da zuciya ke sha ce take sa jiki zubar da ruwa. Akwai kuma abin da maza ba su son faɗi, wato raunin sha'awa da kasa biyan haƙƙin iyali. Yau da gobe sai hawan jini ya shigo, irin wanda ake shan magani iri biyu iri uku bai sauka ba. Bayansa akwai haɗarin shanyewar ɓarin jiki da rikicewar bugun zuciya. Direba mai wannan cuta, in ba a yi masa magani ba, haɗarin da yake ciki a kan hanya ya ninka na sauran direbobi sau biyu ko fiye. Duk wanda ya san miƙaƙƙiyar hanyar nan da ta taso daga Yamai, ta bi Doso da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni, ya san gyangyaɗin sakan biyu ya isa.

Kada a haɗa ta da ciwon barci na ƙudan tsando, wannan daban ne. Kada kuma a tsaya kan cewa dannau ne ko jifa, ko a ce tsufa ne kawai. Kuma ba cutar Turawa ba ce. Wani lissafi da masana suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya, miliyan 425 daga cikinsu tasu ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Ta fi kama maza masu ƙiba da kaurin wuya, amma siririn mutum mai ƙaramin haɓa ma tana kama shi, haka mata, musamman bayan al'ada ta ɗauke.

Mai shaida

Ga inda gizo ke saƙa. Mai cutar shi ne na ƙarshen sanin yana da ita. Wanda ya sani shi ne wanda ke kwana kusa da shi, a yawancin gidaje kuwa matarsa ce. Ita kuma tarbiyya ta hana ta buɗe baki ta ce Malam yana minshari, balle ta ce yana shaƙewa. Sai ta kwana tana zungurinsa, ta wayi gari da jajayen idanu, ta yi shiru shekara goma. Kunya ado ce, ba mai musu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Uwargida, maganarki a gaban likita ta fi ta mai gidan nauyi, domin ke kika gani. In bakin ya yi nauyi, wayar hannu ta sauƙaƙa abin: da izininsa, a ɗauki sautin barcinsa na ƴan mintoci, a kunna masa da safe, a kuma kunna wa likita.

Farkon tafiya shi ne gidan likita na garinku, wurin majo, wato babban ma'aikacin jinya. A auna hawan jini, a auna suga, a duba hanci da maƙogwaro. Daga nan in da hali a tura ku asibitin Dogon Dutsi ko na Doso. Ƙwararrun likitocin huhu, da na zuciya, da na kunne da hanci da maƙogwaro, a Yamai suka fi yawa, a manyan asibitoci irin na Lamorde. Abin da ke tabbatar da cutar shi ne gwajin barci. Mutum zai kwana da ƴan na'urori, ɗaya a yatsa, ɗaya a ƙirji, ɗaya a bakin hanci, su rubuta yadda numfashinsa ya kasance har safe. Ba allura, ba yanka, ba zafi.

Tun da an ambaci yanka, bari in yi wata magana a kan beli. Mun saba, abu kaɗan ya taɓa maƙogwaro sai a nemo wanzami. Cire beli ba ya maganin wannan cuta, domin ba beli kaɗai ke toshe hanyar ba, harshe da bangon maƙogwaro duk suna ciki. Abin da zai iya biyo baya shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Yaron da ke minshari kullum, yana barci baki buɗe, yawanci kumburin naman maƙogwaro ne ko na bayan hanci, aikinsa kuma na asibiti ne.

Na'urar da ke tallafe numfashi

Maganin da ya fi aiki ga mai matsakaiciya da mai tsanani wata ƴar na'ura ce, girmanta bai wuce rediyo ba. Likitoci masu Faransanci na kiran ta PPC, masu Ingilishi kuma CPAP. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fara gwada ta a birnin Sidni a 1980, da injin na'urar share ƙura da ya juya ya koma hura iska. A 1981 ya wallafa sakamakon mutum biyar da ya yi wa gwajin. Dabarar mai sauƙi ce. Na'urar na jan iskar ɗaki, ta tace, ta turo ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci. Wannan ƴar turawar ita ke tokare maƙogwaro kada ya rufe, kamar yadda salka ke tsayawa in an cika ta. Ƙarfin turawar yana tsakanin lamba 4 zuwa 20, likita ne ke saita shi gwargwadon gwajin kowa. Ba kwalbar oksijin ba ce, ba kuma injin da ake sa wa wanda ke gargara ba. Kai ke numfashinka, ita hanya kawai take buɗe maka.

Sai dai a faɗi gaskiya: samun na'urar rabin aiki ne, sabawa da ita shi ne sauran rabin, kuma nan mutane suke faɗuwa. Ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, aƙalla mutum ɗaya cikin uku ba ya amfani da ita yadda ya kamata. An kuma lura cewa yadda mutum ya yi da ita a makon farko, yawanci haka yake ɗorewa. Saboda haka kwanakin farko su ne abin kula.

Daren farko ba daɗi. Mutumin da ya shekara hamsin yana kwana fuska sake, yau an ɗaura masa abu, iska na hura masa hanci, in zai fitar da numfashi ya ji kamar ana tokare shi. Da yawa cikin dare suke fizge takunkumin ba su ma sani ba. Wannan ba gazawa ba ce. Dabarar ita ce kada a fara da dare. Bayan la'asar, kana zaune kana sauraron rediyo ko jan carbi, ka ɗaura takunkumin ba tare da kunna na'ura ba, na minti goma ko ashirin. Gobe ka kunna ta kana zaune. Jibi ka yi ƙailula da ita. In dare ya yi, akwai maɓallin da ke fara iskar a hankali, ta yi ta ƙaruwa har barci ya ɗauke ka, ka ce a nuna maka shi. In ka farka ka tarar ka cire, ka mayar, kada ka ce sai gobe. Mafi ƙarancin abin da likitoci ke ƙirgawa amfani shi ne awa 4 a dare, a darare 7 cikin 10, amma abin nema shi ne duk tsawon barcin, har wanda ake komawa bayan sallar asuba, domin a ƙarshen dare ne barcin mafarki ya fi yawa, a cikinsa kuma tsoka ta fi saki. Da azumi ma haka, barcin bayan sahur da na rana duk da ita ake yi.

Yawancin ƙorafi daga takunkumin yake, ba daga na'urar ba. Iri uku ne: mai rufe hanci kaɗai, mai ƴan bakuna biyu da ke zama a ƙofar hanci, da mai rufe hanci da baki. Mai gemu da gashin baki, mai ƴan bakunan nan ya fi zama masa, domin gashi na hana babban takunkumi kama fata. Ba sai an aske sunna ba. Wanda ke barci baki buɗe, iska za ta shiga ta hanci ta fice ta baki, ya tashi maƙoshi kamar ƙanzo. Shi sai mai rufe duka, ko maɗaurin haɓa. In iska na zurara tana hura ido, kuskuren da kowa ke yi shi ne ƙara ɗaure igiya tam, har karan hanci ya yi gyambo. A sassauta, a ɗaga takunkumin a sake zaunar da shi ana kwance. In ciki na kumbura da iska, ko har yanzu ana minshari da na'urar a fuska, to a koma wurin likita ya sake saiti. Kada a bai wa mai gyaran rediyo ya taɓa lambar. Ƴan ramukan da ke jikin takunkumi kuma, waɗanda iska ke fita ta cikinsu kullum, ba lalacewa ba ce. Ta nan numfashin da ka fitar yake ficewa. Wanda ya liƙe su ya jawo wa kansa haɗari.

Akwai kuma bakin mutane. Kalmar takunkumi kanta ta isa abokin wasa ya kwana yana dariya. A bar shi ya yi, ai mai tabarau ma an yi masa dariya kafin a saba. Mai mata fiye da ɗaya kuwa ya sani na'urar ba ta da ranar girki. Duk ɗakin da ya kwana, can za ta kwana, kowace daga cikinsu kuma a nuna mata yadda ake kunnawa da wankewa. In tafiya ta kama, ko fatauci ko aikin hajji, tana cikin jaka.

Kuran, ƙura da ruwa

Waɗannan uku, wato wutar lantarki da ƙura da ruwa, su ne jarrabawar na'urar a ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi. Ba a manta ba, a watan Agusta na 2023 aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Ƙauyuka da yawa na Dogon Dutsi da Tibiri ma ba su dogara da layin kuran ba. Abin farin ciki, na'urar ba ta da ci. In ba a kunna mai ɗumama ruwa ba, abin da take sha bai wuce na fankar tsaye ba. Faifan hasken rana da batir mai kyau suna iya kai ta safe, amma a sa wanda ya san aikin ya auna, a kuma keɓe mata batirin, kada cajin wayoyin gida ya shanye shi kafin dare. In wuta ta ɗauke kana barci, ba mutuwa za ka yi ba. Za ka ji iska ta tsaya, ka farka ka cire takunkumin, ka kwanta ta gefe.

Ƙura kuwa, duk abin da ke cikin iskar ɗaki na'urar za ta ja ta kai maka hanci. Tana da ɗan matacin iska a bayanta. Da hunturu a riƙa duba shi kowane mako, in ya yi ja a sauya, saboda haka ranar sayen na'ura a sayo matatai da yawa. Kada a ajiye ta a ƙasa, a ɗora ta kan ƴar kujera, ƙasa da kai kaɗan. Mata, turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a yi su da wuri, hayaƙin ya fita kafin a kunna. Da safe a wanke takunkumi da sabulu marar ƙamshi, tiyo kuma sau ɗaya a mako, a shanya a inuwa, a sa cikin jakar ƙyalle saboda kyankyasai da tururuwa.

Bushewar hanci lokacin hunturu ita ce ke sa wasu su yi fushi da na'urar. Maganinta ɗan tankin ruwan da ke jikinta. Ruwan da ya fi dacewa shi ne tataccen ruwa na farmasi. In babu, a sa na kwalba ko wanda aka tafasa ya huce, a zubar da ragowar kowace safiya a wanke tankin, domin ruwan rijiya kan bar farin ɓawo. Kada a kuskura a zuba ruwan batir, kada a ɗiga turare ko man zafi a ciki.

Wata magana ga ƴaƴanmu da ke bariki ko ƙasashen waje, masu son taimakon iyaye. Na'urar gwanjo tana da araha, amma a yi hattara. A watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya yi kiran a dawo da miliyoyin na'urorinsa, saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu yana marmashewa, zafi da laima kuma suna gaggauta lalacewarsa. Ƙasar da zafinta kan haura digiri 40 ba wurin gwada irin wannan ba ce. Duk na'urar da aka aiko, a kai wa likita ya duba samfurinta ya saita ta. Takunkumi da tiyo kuwa sababbi ake saye, ba a gadon su, ba a aron su.

Dawowar ƙarfi

Wani tun safiyar farko zai ce ya manta haka barci yake. Wani sai mako biyu, wani wata guda ko fiye. A kwanakin farko mafarki kan yi yawa, wannan jiki ne ke biyan bashin barcin da ya ci. Abin da ke fara sauyawa yawanci shi ne tashin fitsarin dare da ciwon kan safe. Daga baya ka ga mutum ya kai ƙarshen huɗuba ido biyu, ya yi noma har hantsi bai nemi inuwa ba, yara sun daina gudu in ya shigo gida. Matarsa ma ta samu nata barcin.

Amma a kiyaye abu biyu. Na'urar ba ta cire cutar, tare ta take yi, in aka ajiye ta dare ɗaya ko biyu shaƙewar ta dawo. Hawan jini kuma takan rage shi kaɗan ne, don haka ba a barin maganin hawan jini sai likita ya ce.

Na san mafi yawan masu wannan cuta a Arewa ba su da halin na'ura yanzu. Ba a ce su naɗe hannu ba. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2000, ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage yawan shaƙewa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tumbi ba shaidar arziki ba ne. A rage suga a shayi, a rage cika ciki da tuwon dare, a taka da ƙafa. Kwanciyar rigingine ita ta fi sa harshe zamewa baya, a koma kwanciya ta gefe, wadda dama addini ya koyar. Wanda ke birkicewa cikin barci, a ɗinka aljihu a bayan rigar barcinsa a jefa goriba ɗaya, za ta tuna masa. A bar taba. Giya, da ƙwayoyin barci, da tramol da danginsa, duk ƙara sakin maƙogwaro suke yi ko su danne numfashi. Mai shan su don ya samu barci, yana ƙara wa kansa shaƙewa ne. Direba ko ɗan kabu-kabu da ya san yana gyangyaɗi a kan hanya, ya tsaya ya nemi likita tun bai ɗauki alhakin rayuka ba.

Ma'aikatan lafiya na garuruwanmu, duk wanda ya zo auna hawan jini, a ƙara masa tambaya uku: yana minshari, an taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, yana gyangyaɗi da rana? In ya zo shi kaɗai, a ce gobe ya zo da wadda ke kwana kusa da shi.